Yadda Sunan Ƙanena Ya Zama Turanci

Ina cikin kwashe shinkafar kwakwa daga tukunya Nurin ta shigo rumfata, ta ɗauki wuƙa ta hau yanka kokwamba ba tare da na sa ta ba. Nan na san akwai magana. Yarinyar nan 'yar ƙanena ce, ni na ƙarasa renonta bayan rasuwar uwarta, kuma tun tasowarta ba ta taɓa ɗaukar wuƙa a rumfar nan haka kawai don Allah ba.

"Mak Long," ta ce, haka take kirana don ni ce babbar gwaggonta, "gobe da hantsi zan je wajen lauya."

"Wa kika kashe?"

"Suna zan canja."

"Nurin ɗin ne ya yi miki tsami? Uwarki ce fa ta zaɓa."

"Ba shi ba. Na ƙarshen."

Na ajiye ludayin. Cikakken sunanta Nurin Aqilah binte Jumari, wato 'yar Jumari. Haka mu Malay na Singapore muke suna, sunan ubanka yana bin naka har kabari. Makon jiya ta cika ashirin da ɗaya, doka ta ba ta dama ta sa hannu ita kaɗai ba sai da izinin kowa ba. Ashe abin da take jira ke nan, ni kuwa ina ta wahalar gasa mata kek.

Masu saye sun yi layi, wani yana ta ƙwala mini kira da sunan da kasuwa ta san ni da shi, wato Yaya Ton, "Kak Ton, biyu, a ƙara yaji!" Ko kallonsa ban yi ba.

Abin da ya ɓata sunan ya faru ne Nurin tana rarrafe. Lokacin ƙanena Jumari yana dafa abincin biki, yana da 'yar motar ɗaukar kaya da ya sa aka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙofa. Benayenmu na unguwar Bedok kuwa duk kama ɗaya, fenti ɗaya, sai lamba. A filin ƙarƙashin bene mu muke bikin aure, a nan kuma 'yan Sin suke zaman makoki, kowa da rumfarsa da kujerun roba. Ranar an ce masa bene mai lamba 412, shi kuma ya tsaya a 421. Ya hango rumfa da taro, bai tsaya dubawa ba. A bayan motarsa akwai samari masu bandiri da ya rage wa hanya, suka diro suna kiɗa suna waƙar ango, shi yana gaba rungume da tukunyar shinkafa yana washe baki yana yi wa kowa barka. Sai da ya dire tukunyar a gefen akwatin gawa sannan ya ga hoton mamacin da kyandirori.

Ba wanda ya zage shi. Matar mamacin ma dariya ta kufce mata cikin kuka, har ta ce a zuba wa baƙi shinkafar tunda ta zo. Da a nan abin ya tsaya, da yau ba na wannan labari. Amma cikin masu zaman makokin akwai Teck Huat mai sayar da kofi, wanda rumfarsa take kallon tawa, mutumin da bakinsa ba shi da birki. Bayan 'yan kwanaki wani yaro ya kai kofi teburin da ba a saya ba, sai Teck Huat ya ɗaga murya, kasuwa duk tana ji: "Eh, don't jumari lah!"

Shi ke nan. Turancinmu na nan ba ya ƙin komai, ya ɗebo daga bakin 'yan Sin, ya ɗebo daga namu, ya ɗebo daga Tamil na 'yan Indiya, ya zuba lah ɗin da muke rufe magana da shi a kai ya haɗiye. Ya haɗiye sunan ƙanena. Jumari ta zama ka isa inda ba nan ba ne, kana ƙafafa, kana ganin kai ne daidai. Yaran unguwa suka tafi aikin sojan dole da ita a baki, suka dawo ta bazu tsibirin kaf. Suka liƙa mata ed, suka liƙa mata ing, kamar daga Ingila aka yo odarta. Sana'ar abinci ta mutu, don wa zai ba Jumari abincin bikin 'yarsa? Ya koma tuƙin motar haya ta waya, inda sunan direba yake fitowa kafin ya iso. Wasu su soke tafiyar, wasu su ɗauki hoton sunan su tura wa abokai. Shi ko a jikinsa, ko kuma haka yake nunawa.

"Ranar Litinin za a ba mu aikin dindindin," in ji Nurin, tana ta yanka kokwambar da ba na buƙata. "Za a buga mana bajen suna na ƙirji. In ban kai takardar lauya ba, da tsohon za a buga."

Aikin motar ɗaukar marasa lafiya ta koya, kuma ta iya, wannan ba na musu.

"To sai me? Sunan ubanki ne, ba na ɓarawo ba."

"Mak Long, watan jiya mun ɗauki wani tsoho ƙirjinsa yana ciwo. Ina sa masa abin numfashi ya karanta bajena na koyo. Kin san me ya ce? Ya ce don Allah a sauke shi, zai hau tasi. Da ƙyar yake numfashi, amma ya samu na dariya. Direbanmu ma dariya yake har muka isa."

"Da kin matse masa hanci."

"Tun aji ɗaya nake ji. Duk kiran suna da safe sai aji ya fashe. Na gaji."

"Ubanki ya sani?"

"Na faɗa masa."

"Ya ce me?"

"Ya ce ƙarfe nawa, shi zai kai ni."

Ta wanke hannu ta tafi abinta. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Na zuba wa mai son yaji ba yaji, na ba wata kifi alhali kaza ta ce, na ƙona gyaɗa har hayaƙi ya kai rumfar maƙwabta. Tausayin yarinyar nake ji, haushinta nake ji, duka a lokaci guda. Ƙanena ba shi da gida mai ɗakuna biyar, ba shi da ɗa namiji, matarsa tana ƙasa. Abin da ya rage masa a duniya da ke ɗauke da sunansa ita ce yarinyar nan, sai kuma waccan la'ananniyar kalma.

Da rana ta take tsaka na kwance ƙyallen gabana na tsallaka wajen Teck Huat. Tun ranar da ya yi waccan magana ban sake shan kofinsa ba, gara in taka har ƙarshen kasuwa in sha mai ɗanɗanon ruwan wanki. Ya ganni ya kama ƙirji.

"Wah, Kak Ton a rumfata! Ko hanya kika ɓata? Ko kin yi ju..."

"Ƙarasa, in juye maka butar nan a ka."

Ya haɗiye sauran. Na faɗa masa abin da ake ciki. Ya ci gaba da tace kofi daga wannan gwangwani zuwa wancan, gashinsa duk ya yi fari, amma bakin yana nan yadda na san shi.

"To me kike so in yi?"

"Kai ka sake ta, kai za ka kamo ta."

"In kamo ta? Kaza ce? Kak Ton, ni sau ɗaya na faɗa, ko tunani ban yi ba. Ke ba kin gwada naki ba?"

Na gwada, ba ƙarya. Wata shekara na ƙudiri aniyar ramawa, na ƙirƙiro teckhuat, ma'ana mutum mai zubar da magana. Na yi ta tallarta, duk wanda ya sayi shinkafa sai na cusa masa ita kyauta. Ba wanda ya ɗauka ko da mutum ɗaya.

"Sunana ba ya gangarawa a harshe," ya ce, har da wani alfahari. "Maƙalewa yake a wuya. Amma ji wannan, ju-ma-ri. Kamar man shanu. Kuma akwai labari a bayanta. Kalma in ba daɗin baki ba labari, ko biyan mutane kike yi ba za su faɗa ba."

A teburin da ke gabanmu wani saurayi mai rigar ofis ya kama kujeru da ƙullin tishu, abin da muke kira chope, yana waya yana ba budurwarsa haƙuri, wai ta wata ƙofar tashar jirgi ya fita. "Sorry lah, I jumari again." Teck Huat ya yafito shi.

"Ɗan samari, kalmar nan da ka faɗa, daga ina take?"

"Wacce? Jumari? Japananci ce, Uncle. Kowa ya sani."

"A'a," in ji abokinsa, "daga Tamil ne, kakata tana faɗa."

Na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara. Teck Huat ya juyo ya buɗe hannuwa.

"Kin ji. Ba tawa ba ce yanzu, ba ta ƙanenki ba ce. Ta yi aure ta bar gida."

"Amma a ƙirjin 'yarsa za a liƙa ta."

Ya zuba kofi mai madara ya tura mini. Na bar masa shi a nan yana hucewa.

Ban koma rumfa ba. Na sa maƙwabciyata ta sayar da abin da ya rage, na hau bas, na sauka, na ga na yi saurin sauka, na taka sauran. Ina tafe ina lissafin wanda zan kira: limamin masallacinmu, 'yan uwan uwarta da ke Johor a ƙetaren iyaka, tsohuwar malamarta. Duk suna buƙatar lokaci, ni kuma gobe ce a gabana. A kan matakalar wajen ajiye motoci dabarar ta faɗo mini, na tsaya cak na yi dariya ni kaɗai.

Na tarar da Jumari a hawa na uku yana goge motarsa, ya naɗe ƙafar wando, tumbinsa a gaba.

"Kak Long," ya ce, wato babbar yaya, "lafiya kike haki haka?"

"Ina ne ofishin lauyan?"

"Jalan Besar. Tsohon benen nan mai hasumiya biyu."

"Alhamdu lillahi. Biyu, iri ɗaya?"

"Iri ɗaya."

"To ji nan, Jum. Gobe ka kai ta ɗaya hasumiyar. Ko ma ka ɗauki babban titi ka yi can yamma Jurong da ita, ka ce ka rikice. Lauya ba zai jira ba, jibi Asabar, Litinin a buga baje da sunanka. In an buga an buga. Kafin ta sake samun rana na kawo liman, na kawo kawunnanta, mun shawo kanta."

Ya ci gaba da goge gilashi.

"Ba wanda zai zarge ka," na ce. "Duk ƙasar nan kai kaɗai ne za ka ɓata hanya a ce ba da gangan ba ne. Shekara ashirin kalmar nan tana cin ka, yau ɗaya kai ma ka ci moriyarta."

Ya matse tsumman a bokiti, ya daɗe yana matsewa.

"Kin ci abinci kuwa, Kak Long?"

"Ina maganar 'yarka kana maganar abinci! Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Ki zo mu tafi tare goben," ya ce. "Ki sa kaya masu kyau."

Na ɗauka ya yarda. Ƙanena bai taɓa iya ce mini a'a ba, tun muna yara ni nake zaɓa masa har takalmi.

Washegari ban buɗe rumfa ba, abin da ko ranar da aka cire mini haƙori ban yi ba. Nurin ta zauna a baya da jakarta a cinya, ta sha farar riga kamar mai zuwa neman aiki. Ni ina gaba. Jumari ya sa rigarsa ta Idi, ya shafa turare har yana hawa kai. Bai kunna taswirar waya ba, na ce a raina madalla.

Muka fito daga Bedok. Duk mararrabar da muka doso sai in ce yanzu ne. Ya sa sigina ya bi daidai. Muka hau babban titi, ga hanyar da za ta kai mu can yamma mu ɓace, na yi gyaran murya, na sake yi, har Nurin ta miƙo mini alewar tari. Ya sauka inda ya kamata ya sauka. Na ce to, a hasumiyar zai yi, ya fi kama da gaskiya. Na ciro carbi, na mayar, na buɗe gilashi, na rufe. A danja na taka masa ƙafa da gefen takalmina. Ya janye ƙafar bai kalle ni ba.

Ga hasumiyoyin nan biyu, toka-toka, ba ka bambance su. Ya wuce ta farko. Ya shiga ta bayan ta biyu, ta wani lungu da ko ni ban san da shi ba, ya tsaya daidai wata ƙaramar ƙofar gilashi.

"Nan ne," ya ce. "Ki bar lif na hagu, ba ya tsayawa a hawansu. Ki hau na dama. In kin fita ki yi hannun dama, ƙofa ta ƙarshe, kusa da mai gyaran agogo. Kina da sauran lokaci, kar ki yi gudu."

Nurin ta ɗan jima ba ta motsa ba. Na ga idonta a madubi, tana kallon ƙeyar ubanta. Na shiga roƙon Allah ya sa ta ce a juya. Sai ta sunkuyo ta kama hannunsa ta sumbata, ta kai goshi, yadda take yi kullum in za ta fita. Ta buɗe ƙofa ta shiga.

Ƙofar gilashin tana rufewa na juyo kansa.

"Kai wane irin mutum ne? Lif na dama! Mai gyaran agogo! A ina ka san duk wannan?"

"Jiya da kika tafi na zo na duba."

"Ka zo ka duba! Na ba ka hanya a tafin hannu ka zubar. An ce ka ɓata sau ɗaya, sau ɗaya tak, don kanka!"

"Kak Long." Hannuwansa biyu suna kan sitiyari, motar a kashe. "Tun tana firamare, in zan kai ta wani wuri, sai in ga tana leƙen lambar bene ta gefen ido, ba ta so in gani. Ba ta taɓa faɗa mini kalmar ba, ko sau ɗaya. Kowa ya faɗa, har limamin da kike son kawowa ya taɓa faɗa a wajen wa'azi, ita ba ta taɓa ba. Yau kike so in sa ta faɗa?"

Na juya ina kallon wani ɗan Indiya yana sauke katan-katan na ruwa daga mota. Haushi nake ji har yanzu, amma na rasa wanda zan ɗora wa.

Zaman jiran nan ya fi mini komai wuya. Na fita na sayo ruwan rake, na dawo, ba wanda ya sha. Na sake fita na karanta sunayen ofisoshin da ke jikin bango. Mai gadi ya zo ya ce a gusa, Jumari ya gusa, ya dawo daidai inda yake, don kar ta fito ta neme mu. Duk wanda ya turo ƙofar sai in miƙe zaune. A raina ina ta shirya yadda za ta fito hannu wofi tana kuka, in rungume ta, in ce ba komai, mu je in dafa muku kaza.

Ta fito da farar ambulan a hannu.

Ta shiga ta zauna, ba ta kalli kowa ba. Jumari ya miƙa hannu baya.

"Mu gani."

Ta ba shi. Ya ciro tabaransa daga aljihu, ya goge da gefen riga, ya buɗe takardar a hankali kamar mai tsoron ta yage. Ya karanta a fili, yana bi da yatsa.

"Nurin Aqilah." Yatsan ya ɗan ƙara gaba, inda babu komai, ya tsaya. "Ya yi kyau. Gajere. Zai zauna a baje sosai, tsofaffi ma za su iya karantawa."

"Ayah..." ta ce, wato Baba.

"Ki adana kar ta jiƙe."

Ya mayar mata, ya tada mota. A hanyar dawowa, ni da nake cika mota da surutu na zuba wa titi ido. Muka shigo Bedok, muka wuce kasuwa, na hango rumfata a rufe. Ga kwanar gidansu nan tafe, kwanar da yake shiga kullum tun kafin a haifi yarinyar. Bai sa sigina ba. Bai rage gudu ba. Muka wuce ta, benensu ya koma bayanmu.

Na dube shi. Tabaran yana fuskarsa har yanzu, ya manta bai cire ba, kuma ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashinsa yana ɗiga a rigar Idin. Na dafe bakina da gefen mayafi.

Daga baya Nurin ta matso, ta dafa kujerarsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ayah, ka wuce kwanar gida fa."

"Na sani," ya ce, ya ci gaba da tuƙi.